WA YA CE AKWAI WUTAR DA BA TA BARIN TOKA?

Yau ƙorafi muka zo da shi, kuma ƙorafin ya yi dogon zango kafin ya iso nan, don daga arewacin Italiya ya taso. Wanda ya ga kamar abin bai shafe shi ba, ya daure ya bi mu zuwa ƙarshe, zai ga inda zaren ya biyo ta ƙofar ɗakinsa.

Muna da wani yaya, ɗan wan mahaifinmu, wanda ya yi shekaru yana aiki a wata masana'anta a wani ƙaramin gari na yankin Lombardiya. Shekarar da ya kai iyalinsa can, ya kama hayar wani tsohon gida mai sauƙin kuɗi. A kusurwar falon akwai wani akwatin ƙarfe, tsayinsa ya kusa kai wa mutum ƙirji, da ƙofar gilashi a gabansa. Mai gidan ya ce masa wannan shi ne maganin sanyi: ka zuba ƙwaya ta sama, ka danna maɓalli, ka je ka yi barcinka. Iyakar bayanin da aka yi masa ke nan, aka miƙa masa mukulli.

Ba mu manta ranar da ya kira mu ta bidiyo yana nuna mana ba. Ya juya wayar wajen murhun ya ce, "Ƙanena, kalli ikon Allah. Ba fifita, ba hayaƙi, ba toka. Da rimot ma ake kunna shi." Muka ce, "Yaya, lallai kun huta." A lokacin muna tsakiyar hunturu, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, Inna tana fama da jiƙaƙƙen itace a madafa idonta yana ta hawaye. Gaskiya abin ya ba mu sha'awa.

A sanyi na biyu, wata rana kafin asuba, murhun ya ƙi kamawa. Ya rubuta wani abu a ɗan allonsa da Italiyanci, Yaya ya sake dannawa. Ya sake ƙi, ya sake dannawa. A karo na uku sai ƙara kamar an fasa tayar mota, gilashin ya tsage, hayaƙi ya turnuƙe falon, ga yarinyarsu 'yar yaye tana barci a ɗakin da ke kusa. Allah ya tsare, babu wanda ya ji ciwo. Da mai gyara ya zo ya kwance, sai ya tarar ƙofofin kaskon wuta sun toshe da ƙeƙasasshiyar toka, bututun hayaƙi ya yi shekaru ba a share shi ba, ƙwayar da ba ta ƙone ba kuma ta taru ta yi tsibi. Mai gyaran ya tambayi Yaya, wa ya gaya maka wannan abu ba ya son shara? Yaya ya rasa amsa, don babu wanda ya ce masa ba ya so, kuma babu wanda ya ce masa yana so.

Wannan shirun shi ne abin da muka zo yi wa faɗa yau.

BARI MU FARA DA SHI KANSA MURHUN

Ba mu son mu yi faɗa a kan abin da mai karatu bai gani ba, don haka ga siffarsa. Abin da ake ƙonawa a ciki Turawa na ce masa felet, mu kuma za mu kira shi ƙwayar katako. Dusar katako ce, irin wadda ke zuba a wurin masu yankan katako, a busar da ita, a matse ta da ƙarfin inji ta fito ta ƙananan ƙofofi. Zafin matsewar yana narkar da wani danƙo da ke cikin itacen tun asali, shi ne yake haɗe ta. Kaurin ƙwayar yawanci milimita 6 ne, in ka gan ta sai ka ce abincin kifi ne. Laimar da ke cikinta ba ta wuce kashi 10 cikin 100, alhali busasshen itacen girki ma yana riƙe da kusan kashi 20. Kilo biyu na ƙwayar yana ba da zafi kwatankwacin lita ɗaya ta man ɗumama gida. A Turai ana sayar da ita a buhu mai kilo 15, a Amurka kuma buhun ya kai kusan kilo 18.

Murhun gida na wannan ƙwaya a Amurka aka fara yin sa, a farkon shekarun 1980, a hannun wani injiniya mai suna Jerry Whitfield wanda ya yi aiki a kamfanin jiragen sama na Boeing. Daga baya ya bazu a Turai, kuma yau Italiya tana sahun gaba wajen yawan gidajen da ke amfani da shi.

A samansa akwai rumbu inda ake zuba ƙwayar. A ƙasan rumbun akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe mai juyawa, kamar wanda ke tura hatsi a cikin injin niƙa, shi ke ɗebo ƙwayar kaɗan-kaɗan yana zubawa a wani ƙaramin kasko mai ƙofofi. A gefen kaskon akwai ƙarfe mai yin ja da lantarki, irin na hitar dafa ruwa, shi ke kunna wutar. Fanka ɗaya tana jawo iska ta ƙofofin kaskon tana tura hayaƙi waje ta bututu, wata fankar kuma tana hura ɗumi cikin ɗaki. Duk wannan wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki ce ke juya shi.

To, 'yan uwa, ku ƙirga da kanku: ƙarfe mai juyawa, fanka biyu, hita, ƙwaƙwalwa, bututu. Abin da muka fara koya a ajin farko na kwalejin kimiyya da fasaha shi ne, duk abin da ke juyawa yana da ranar gyara, duk abin da ke ƙonewa yana barin saura. Wannan inji ne wanda wuta ke ci a cikinsa, kuma a tsakiyar falo aka girke shi, kusa da inda yara ke wasa. Amma a talla kujerar hutawa ake nuna maka, da kyanwa tana barci, da mace riƙe da kofin shayi. Ba mu taɓa ganin tallan da aka nuna mutum a durƙushe yana kankare kasko ba.

AIKIN DA BA A FAƊA

Ga abin da mai wannan murhu ya ɗauka wa kansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Kowace rana, ko bayan kwana biyu in ƙwayar mai kyau ce, sai ya kashe murhun ya bari ya huce, ya ciro kaskon ya zazzage, ya tabbatar kowace ƙofa a buɗe take. Toka idan ta sha zafi sosai narkewa take yi ta daskare kamar dutse, ta toshe hanyar iska. Iska ta ragu, wuta ta yi rauni, hayaƙi ya ƙaru, gilashi ya yi baƙi. Kowane mako sai ya kwashe tokar da ke akwatin ƙasa, ya goge gilashi, ya zuƙe ƙurar da ke lungu-lungu. Ita ma tokar ba a zuƙe ta da injin sharar kafet, akwai nata injin mai tulun ƙarfe, kuma ba a zuba ta a leda ko kwali, sai a bokitin ƙarfe mai murfi, domin garwashi kan yi kwanaki a ɓoye cikin toka bai mutu ba. Wannan kam kowace Bahaushiya da ta taɓa rufe wuta da dare ta tone ta da safe ta san shi.

Sau ɗaya a shekara kuma dole a kira ƙwararre ya kwance shi, ya share bututu daga ƙasa har sama, ya wanke fankar hayaƙi, ya duba igiyar da ke bakin ƙofa wadda ke hana hayaƙi fitowa, ya canza ta in ta mutu. Shi ma ƙarfen kunnawa yana da iyakar kwanansa, kuma ba ya mutuwa sai a daren da aka fi buƙatarsa. Duk waɗannan kuɗi ne, kuma babu su a jikin takardar farashin da ke rataye a shago.

Sai kaya. Tan ɗaya na ƙwayar buhu sittin da shida ne da ɗoriya. Gidan da ya dogara da murhun nan yakan ƙone tan ɗaya zuwa biyu, wani ma fiye, kafin sanyi ya wuce. Buhun nan mai kilo 15 wani ne zai ɗauko shi daga mota, ya hau bene da shi, ya ɗaga shi har bakin rumbu, kusan kullum idan sanyi ya tsananta. A tambayi tsohuwar da aka sayar wa murhun da sunan sauƙi, yadda bayanta yake a watan Fabrairu. Kuma sai an sama wa buhunan busasshen wuri, don ƙwayar in ta sha laima kumbura take yi ta koma dusa, ta shaƙe ƙarfen da ke tura ta.

Ita kanta ƙwayar hawa-hawa ce. A Turai akwai tambarin inganci mai suna ENplus. Ajin farko, wato A1, tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 cikin 100 ba, ma'ana a tan ɗaya ba za ka kwashe abin da ya wuce kilo 7 ba. Ajin da ke biye yana iya kai wa kilo 12, na ƙasa kuma kilo 20. Wadda ba ta da tambari kuwa, sai abin da ka gani. Yaya irin ta yake saye a wajen wani mai babbar mota, don buhunta ya fi sauƙi. Araha ba ta ado. Abin da ya rage a kuɗin buhu ya biya shi ninki a kuɗin gilashi da na mai gyara.

Dokar da ta fi kowace muhimmanci kuwa, wadda da an gaya wa Yaya ita a minti ɗaya da gilashinsa bai fashe ba, ita ce: idan murhun ya ƙi kamawa, kada ka sake dannawa sai ka kwashe ƙwayar da ta taru a kasko. In ka bar ta, ƙarfen kunnawa zai yi ta gasa tsibin yana fitar da iska mai kamawa da wuta, ta cika akwatin, sa'annan ta kama gaba ɗaya a lokaci guda. Wannan gargaɗi yana cikin littafin da ke zuwa da murhun. Littafin kuwa yana cikin durowar mai gida, da yaren da ɗan haya bai gama iyawa ba.

MAI KISA A SHIRU

Fashewar gilashi ma da sauƙi, tunda tana da ƙara. Abin tsoron shi ne wanda ba ya ƙara. Duk wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga jini tana kama shi fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau ɗari biyu da wani abu, sai jini ya kasa kai iska ƙwaƙwalwa. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da jin barci, wato abubuwan da kowa zai ce mura ce ko gajiyar aiki. Mai barci kuwa ba ya jin komai, wucewa kawai yake yi.

Bututun da ya toshe, ko igiyar ƙofa da ta mutu, ko haɗin bututu da ya saki, kowanne yana iya juyo da wannan guba cikin ɗaki. Haka idan wutar lantarki ta ɗauke murhun yana ci: fanka ta tsaya, ƙwaya tana ci gaba da turara, in bututun bai miƙe sama yadda hayaƙi zai ja kansa ba, to ɗaki zai dawo. Shi ya sa a Italiya ƙa'ida ta hana a huda bango a fitar da hayaƙin wannan murhu ta gefe, sai an kai bututun har saman rufi. Amma kai bututu rufi kuɗi ne, huda bango kuwa aikin rabin yini ne, kuma ku da kanku kun san wanne mai gidan haya mai son kuɗi zai zaɓa in ya ga babu mai duba shi.

Abin mamaki, ko ba a kunna ta ba, ƙwayar da aka tara da yawa a rufaffen wuri tana fitar da wannan guba a hankali. An rasa rayuka a ɗakunan ajiyarta a Jamus da Suwizalan, da cikin jiragen ruwan da ke dakonta. 'Yan buhuna a lungun falo ba su ne abin tsoro ba, amma wanda ya cika ɗakin ƙasa da tan-tan ya rufe ba taga, ya san abin da ya ajiye.

Maganin wannan duka wata 'yar ƙararrawa ce mai batir, girman tafin hannu, kuɗinta bai kai na buhu goma na ƙwayar ba. Muna tambaya: me ya hana a sa ta cikin kwalin murhun tun daga masana'anta? Wanda ya iya sa rimot da manhajar waya a jikin murhu, ƙararrawa ce ta gagare shi? Rimot yana jawo mai saye. Ƙararrawa kuma tana tuna masa cewa abin yana iya kisa, don haka aka bar masa ita ya nema da kansa, in ya sani.

"KA HUTA DA KAMFANIN GAS"

Alkawari na biyu da ake yi wa mai saye shi ne 'yanci: ka rabu da kamfanin gas, ka rabu da tashin farashi. Shekarar 2022 ta tona wannan. Bayan Rasha ta kai wa Yukren hari a watan Fabrairu, kuɗin gas ya tashi, mutane suka yi rububin sayen murhun ƙwaya. A watan Yuli kuma haramcin da Tarayyar Turai ta sa wa katakon Rasha ya fara aiki, alhali Rasha tana cikin manyan masu sayar mata da ƙwayar. Masu nema suka ƙaru, kaya suka ragu. A Italiya buhun da ake saye Yuro 5 ko ƙasa da haka ya haura Yuro 10. A Jamus tan ɗaya ya wuce Yuro 700 a watan Satumba. Sai da gwamnatin Italiya ta rage harajin da ke kan ƙwayar daga kashi 22 zuwa kashi 10 a 2023, Faransa kuma ta raba wa masu ɗumama gida da itace tallafin Yuro 50 zuwa 200.

Ina 'yancin yake? Italiya da ta fi kowa son murhun nan, mafi yawan ƙwayar da take ƙonawa daga waje take shigo da ita. Mai murhun itace na gargajiya in abu ya yi tsanani yana iya tsinto reshe ya jefa a wuta. Mai wannan kuwa, reshe ba ya shiga, gawayi ba ya shiga, sai ƙwayar masana'anta, sai kuma lantarki. Ya saki igiyar kamfani ɗaya ya ɗaura ta kamfani biyu, an gudu ba a tsira ba.

"WUTA MAI TSABTA"

Alkawari na uku shi ne wanda ya fi ba mu haushi, don shi aka lulluɓe da rigar kishin duniya. Wai ƙona ƙwayar katako ba ya ƙara ɗumamar yanayi, tunda bishiyar da aka sare wata za ta tsiro ta shanye hayaƙin. A takarda lissafin ya yi. Amma bishiya a awa ɗaya ake ƙone ta, wadda za ta maye gurbinta kuma sai ta yi shekaru gommai tana girma, kuma a tsakanin nan hayaƙin yana sama. A watan Fabrairun 2021 masana kimiyya sama da 500 suka rubuta wa shugabannin Amurka da Tarayyar Turai da wasu ƙasashe wasiƙa suna gargaɗi a kan ƙona bishiyoyi da sunan makamashi mai tsabta.

Idan dusar da ta zuba a wurin yankan katako ce aka tattara aka matse, wannan ba mu da ja a kansa, sharar da za a zubar ce aka mora. Matsalar ita ce, dusa tana da iyaka, kasuwa kuwa ba ta da shi. A 2022 jaridar New York Times ta bi sawun gungumen da aka saro daga dazuzzukan da doka ta kare a Romaniya har zuwa masana'antar da ke niƙe su ta mayar da su ƙwaya. A shekarar dai shirin Panorama na BBC ya zargi kamfanin Drax, mai babbar tashar lantarki a Ingila da ke ƙona miliyoyin tan na ƙwayar a shekara, da samo katako daga tsofaffin dazuzzukan Kanada. Kamfanin ya kare kansa, amma a 2024 ya amince ya biya Fam miliyan 25 bayan hukumar Ofgem ta gano bai ba da sahihan bayanai ba a kan katakon da yake samowa daga can. Mun san tashar lantarki daban, murhun falo daban. Amma daji ɗaya suke kallo, kuma kalmar "tsabta" ɗaya aka rubuta musu.

Hayaƙin ma bai tafi ko'ina ba. Kwarin kogin Po, inda Milan take, yana cikin wuraren da iskarsu ta fi gurɓata a Turai, musamman da sanyi, kuma ƙona itace da ƙwaya a gidaje yana cikin manyan dalilai. Shi ya sa hukumomin yankin suka tilasta amfani da ƙwaya ajin A1 kawai a ƙananan murahu, suka kuma raba murahun aji-aji da taurari, suna hana masu ƙarancin tauraro. Abin da ba ya ƙazanta ba a kafa masa irin wannan doka.

TO, MURHUN BANZA NE KE NAN?

A'a, kuma kada wani ya juya mana magana. Murhun ƙwaya da aka girke daidai, ake share shi, ake ba shi ƙwaya mai kyau, yana mayar da kashi 80 zuwa 90 na abin da ya ƙona zuwa ɗumin ɗaki. Buɗaɗɗen murhun bango na Turawan da, mafi yawan zafinsa ta bututu yake gudu. Hayaƙin murhun ƙwaya bai kai na itace ba ko kusa. Ga mutumin ƙauyen tsauni a Ostiriya, wanda bututun gas bai iso garinsu ba, ga masana'antar katako a bayan gari, wannan murhu alheri ne. Wanda ya ce mu koma itace saboda abin da muka lissafa, bai fahimce mu ba.

Wani kuma zai ce, ai laifin Yaya ne, babba da shi, me ya hana shi tambaya? Mun karɓi rabin wannan. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wanda ya ji ɗumin wuta dole ya kwashe tokarta. Mun gaya wa Yaya haka, cikin ladabi, ya kuma amsa. Amma mutum ba ya tambayar abin da bai san akwai shi ba. Mai shago ya sani. Wanda ya girke murhun ya sani. Mai gida ya sani, tunda shi ya sa murhun don ya tsere wa kuɗin gyaran tsohon bututun gas. Su ukun nan kowa ya karɓi kuɗinsa ya yi shiru, aka bar wanda ya fi kowa ƙarancin sani, baƙo, mai aikin dare, mai ƙaramin yare, shi da yaransa su kwana da abin. Ƙasashen ma sun san haka. A Jamus mai share bututu yana zuwa duba gida bisa doka, ko ka so ko ka ƙi. Faransa ta tsaurara dokar duba irin waɗannan murahu kowace shekara tun 2023. Sai dai doka tana isa gidan mai hali da wuri, gidan hayar baƙo kuwa sau da yawa sai bayan motar asibiti ta riga ta.

Don haka matsayinmu a fili yake. Duk wanda zai sayar da murhun nan ko ya ba da hayar gidan da yake ciki, wajibinsa ne ya durƙusa gaban mai karɓa ya nuna masa yadda ake ciro kasko, ya ba shi takardar ranar da aka share bututu na ƙarshe, ya maƙala ƙararrawa a bango. Wanda bai yi haka ba ya ci amana, ko da dokar ƙasarsu ba ta kama shi ba. Wanda kuma ya san ba zai iya shara kullum da kiran mai gyara duk shekara ba, ya bar murhun a shago, ya fi masa.

ZAREN DA MUKA CE ZAI BIYO TA ƘOFARKU

Yanzu mai karatu a Kano ko Zinder zai ce, mu da sanyinmu bai wuce wata biyu zuwa uku ba, wutar lantarkinmu ma ba ta isa ta juya fanka dare ɗaya ba, ina ruwanmu? Gaskiya ne, murhun nan ba namu ba ne, kuma ko a Jos ko Gembu ba mu ba kowa shawarar ya yi odarsa. Amma ruwanmu biyu ne.

Na farko, 'yan uwanmu suna can. Kusan kowace unguwa tana da wanda ke Italiya ko Jamus ko Faransa, kuma irin gidajen da suke iya kamawa su ne irin na Yaya. In kun yi waya da su a wannan sanyin, bayan gaisuwa da tambayar iyali, ku tambaye su da me suke ɗumama ɗaki, yaushe aka share bututu, akwai ƙararrawa a bango ko babu. Za su yi dariya su ce ƙanena ya zama injiniya. Ku bar su su yi dariyar, ku dai nace.

Na biyu, gubar da muke tsoron ta kashe su a Lombardiya ita ce dai wadda ke cikin kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki a hunturu, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, a kwanta da jariri. Ita ce a hayaƙin janaretan da ake kunnawa a soro ko a baranda saboda tsoron ɓarayi. Ba shekarar da za ta wuce ba mu ji an buɗe ɗaki da safe an tarar da iyali ba rai, a ce wai ba a san abin da ya same su ba, wasu ma su ce iska ne ko sammu. An san abin da ya same su. Su can an ɓoye musu gaskiya don a sayar musu da inji, mu nan kuma mun ɓoye wa kanmu ita ba tare da kowa ya biya mu ba. In za a ji ɗumin kasko, a ji shi ƙofa a buɗe, a fitar da shi waje kafin a kwanta. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Yaya dai ya canza gilashi, ya sayi ƙararrawa biyu, ya koma sayen ƙwaya mai tambari. Da muka yi waya makon jiya bai juya mana wayar wajen harshen wuta ba. Bokitin ƙarfe ya nuna mana, cike da toka, ya ce, "Ƙanena, ka gaya wa Inna ni ma yanzu kullum da safe sai na kwashe."

Nan za mu dakata. Wanda ke zaune a ƙasashen sanyi cikinmu, ko ya taɓa riƙe irin wannan murhu, ƙofar gyara da ƙarin bayani a buɗe take. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.